Babi na Bakwai: Ƙauracewar Marubuta da Mai Karatu na Bakin Iyaka

Ƙauracewa, a ma'anar da ake nufi a wannan babi, ita ce marubuci ya janye jikinsa da sunansa daga taron da aka gayyace shi, ya kuma fito fili ya faɗi dalilinsa, domin masu taron ko hukumar da ke ɗaukar nauyinsu sun toshe bakin wani marubuci, ko sun gindaya sharaɗi a kan abin da za a faɗa da wanda ba za a faɗa ba. Taron da aka fi yi wa haka shi ne bikin adabi, wato haɗuwar 'yan kwanaki inda marubuta da masu buga littattafai da masu karatu ke zama wuri guda, a karanta sababbin ayyuka, a tafka muhawara, a sayar da littattafai. Darajar irin wannan biki tana rataye ne a kan sunayen da aka jera a takardar gayyata, saboda haka idan masu sunayen suka haɗa baki suka ƙi zuwa, ba abin da zai rage wa mai biki sai rumfa da kujeru. An ga haka a birnin Adelaide na Ostareliya a watan Janairun 2026, lokacin da shugabannin bikin suka soke gayyatar da aka yi wa Randa Abdel-Fattah, marubuciya mai tushen Falasɗinu, sai marubuta fiye da 100 suka janye, darektar taron ta ajiye aikinta, daga bisani aka soke taron na wannan shekara baki ɗaya.

Wannan makami yana da kaifi ne a inda ake da dandalin da za a ƙaurace wa, da jama'ar da za su lura cewa kujerar wane babu kowa a kanta. A gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, marubucin Hausa bai saba haɗuwa da mai karatunsa a zauren biki ba, a kasuwa suke haɗuwa, da rediyo, da kuma wayar hannu a 'yan shekarun nan. Birnin Ƙonni tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma tazarar 'yan kilomita kaɗan ce tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato, wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Adar ba, mazaunin Sarkin Adar, da ke arewa ta wajen Tawa. Hanyoyin da manyan motoci ke bi ɗauke da albasar Galmi da simintin Malbaza su ne kuma aka daɗe ana shigo da kayan Kano ta kansu, tun daga atamfa da kaset har zuwa ƙananan littattafan Hausa. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke a Kano game da littafi yana isa Ƙonni, ko da yake ba a taɓa tambayar ra'ayin mai karatu na Ƙonni ba, kuma dokar jihar Kano ba ta hau kansa ba.

Littattafan da ake magana a kansu su ne waɗanda masu nazari suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, wato ƙagaggun labarai da marubuta ke bugawa da kuɗin aljihunsu tun daga shekarun 1980, bayan da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. Littafi ne siriri mai takarda mara kauri, yakan zo kashi na ɗaya da na biyu da na uku, domin kuɗin da aka samu a kashin farko da shi ake buga na gaba, kuma wanda ba shi da kuɗin saye yakan karɓi haya a shago ya mayar bayan kwana ɗaya ko biyu. A cikin gida kwafi guda kan zagaya hannun mata da yawa har bangonsa ya yage a liƙe shi, wadda ta iya karatun boko kuma ta karanta wa waɗanda ba su iya ba. A ɓangaren Nijar, inda lakwal, wato makarantar boko, ke koyarwa da Faransanci, kuma makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida ba su fara ba sai a 1973 a Damagaram, waɗannan littattafai sun zama hanyar da mutane da dama suka goge a karatun Hausa. Daga cikinsu akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, kuma batutuwan da suka taɓo, irin su auren dole da zaman kishi da sakin wulaƙanci da karatun 'ya mace, babu wanda yake baƙo a Adar ko a Gobir.

Waɗannan batutuwa su ne suka jawo wa marubutan zargin ɓata tarbiyya. Bayan da jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, tacewa kuwa ita ce hukuma ta duba aikin fasaha kafin ya fita kasuwa, ta amince da shi, ko ta sa a cire wani sashe, ko ta hana shi gaba ɗaya. A shekarun farko hankalin hukumar ya fi karkata ga fim, amma a 2007 iska ta juya. A watan Mayun wannan shekara Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai a makarantun sakandare, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wanda gwamnatinsa ta kafa domin gyaran ɗabi'un jama'a. A watan Agusta kuma wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyin mutane, hankalin jama'a ya tashi, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim, tsohon mataimakin kwamandan Hisba, ya shugabanci hukumar. Daga nan kotun tafi-da-gidanka ta shiga aiki ba kama hannun yaro, aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka ɗaure Rabilu Musa Ibro a 2008, a ƙarshen shekarar kuma aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri da tara a kan fim ɗinsa Tsintsiya.

A tsakiyar 2008 hukumar ta juyo kan marubuta, ta bukaci kowane marubuci ya yi rajista da ita a kan kansa, kuma a riƙa kai mata littafi ta duba kafin ya shiga kasuwa. Marubutan sun fahimci abin da wannan sharaɗi yake nufi, domin wanda ke da ikon ba da takardar izinin rubutu yana da ikon janye ta, kuma matar aure da ke rubutu a ɗakinta da daddare bayan yara sun yi barci, wani lokaci da sunan aro, ba za ta je ofishin gwamnati ta rubuta sunanta da adireshinta ba, sai dai ta haƙura da rubutun. Ƙungiyoyin marubuta na Kano, ciki har da reshen jihar na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, wanda Ado Ahmad Gidan Dabino ke shugabanta a lokacin, suka haɗa kai suka shelanta yajin aikin gargaɗi, suka ce sun ajiye alƙalami. Wannan ita ce ƙauracewa mafi girma da marubutan Hausa suka yi a zamanin nan, kuma abin da suka ƙaurace wa shi ne kasuwa kanta, wadda ita ce dandalinsu na haƙiƙa. Shugaban ANA na ƙasa a lokacin, Dakta Wale Okediran, ya zo Kano, aka zauna da hukumar, aka sassauta batun rajistar ɗaiɗaikun marubuta, aka karkata nauyin sa ido zuwa ga ƙungiyoyinsu.

Dalilan da suka sa wannan yunƙuri ya yi tasiri a bayyane suke ga wanda ya duba shi da kyau. Bukatar marubutan guda ɗaya ce kuma kowa ya gane ta, ƙungiyoyin da suka saba gogayya da juna sun ajiye saɓaninsu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sannan rikicin ya fita daga Kano ya shiga jaridun ƙasa, inda gwamnatin jihar ba ta son a riƙa kallonta a matsayin mai ƙona littafi. Amma bai kamata a kambama nasarar fiye da ƙima ba. Hukumar ta ci gaba da aikinta, kuma a 2009 aka kama Aminu Ladan Abubakar, wanda aka fi sani da Alan Waƙa, mawaƙi kuma marubucin ƙagaggun labarai, a kan wata waƙa da aka ce ba a tace ba. Ɗora wa ƙungiyoyi nauyin sa ido kuma yana ɗauke da nasa haɗarin, domin marubucin da ya san abokin sana'arsa ne zai duba aikinsa yakan fara tace kansa tun kafin ya ɗora alƙalami a takarda, kuma wannan nau'in tacewa ba ya barin wata takardar umarni da za a kai kotu a ƙalubalanta.

Ƙauracewar biki a ma'anarta ta asali ta iso arewacin Najeriya ne da bikin littattafai da fasaha na Kaduna, wanda aka fi sani da KABAFEST, da marubuciya Lola Shoneyin ta fara shiryawa a 2017 da tallafin gwamnatin Nasir El-Rufa'i. Wasu marubuta da masu sharhi sun yi kira da a ƙaurace masa, suna kafa hujja da kama mutane saboda abin da suka rubuta, kamar yadda aka kama Audu Maikori da ɗan jarida Luka Binniyat a 2017, kuma sukar ta ƙara zafi bayan da wasu mutane suka sace Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai sukar 'yan siyasa a intanet, daga gidansa da ke Kaduna a watan Agustan 2019. Waɗanda suka halarta kuwa sun ce kuɗin da aka kashe na jama'a ne, kuma matashin Kaduna ko Zariya da bai taɓa zama ɗaki ɗaya da marubuci ba shi ne zai yi asara idan aka rufe taron, gwamna kuwa ba abin da zai rage shi. Dukkan hujjojin biyu suna da nauyi, kuma bikin ya ci gaba da gudana, domin masu ƙauracewar ba su kai yawan da za su girgiza shi ba. Amsa mafi amfani ta zo ne ta wata hanya dabam, lokacin da Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka fara bikin littattafai da fasahar Hausa na ƙasa da ƙasa, wato HIBAF, a Kaduna a 2021, domin yawaitar dandali ita ce ke ba marubuci damar ƙin wani ya tafi wani ba tare da ya rabu da masu karatunsa ba.

Akwai wata ƙauracewa da ta faru a Amurka wadda zarenta ya ratsa ta Illelar Adar. Shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan asalin Dandaji a gundumar Illela, yana cikin shugabannin da suka yi tattaki a birnin Paris ranar 11 ga Janairun 2015, bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo aka kashe mutum 12. Da jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tarzoma ta ɓarke a Damagaram ranar 16 ga watan, washegari ta bazu zuwa Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu, aka ƙona coci-coci da dama, aka kuma cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram wuta tare da ɗakin karatunta. Gwamnati ta hana sayar da jaridar a faɗin ƙasar. Bayan 'yan watanni ƙungiyar marubuta ta PEN reshen Amurka ta shirya karrama Charlie Hebdo a New York da lambar jarumta a fagen faɗin albarkacin baki, sai marubuta shida suka janye daga walimar, cikinsu akwai Teju Cole, wanda ya tashi a Legas, da Taiye Selasi, mai tushe a Gana da Najeriya, wasu fiye da 200 kuma suka sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa. Sun la'anci kisan ba tare da kwana-kwana ba, amma sun ce kare haƙƙin mutum na yin magana daban yake da ɗaga shi sama saboda maganar da ke wulaƙanta marasa ƙarfi a cikin al'ummarsa. Marubuci Salman Rushdie ya soke su da kakkausar murya, Alain Mabanckou ɗan Kwango kuma shi ya miƙa lambar.

Idan aka jera waɗannan martani biyu gefe da gefe, bambancinsu ya isa a tsaya a kansa. Ɓacin ran da Musulmin Nijar suka ji na gaskiya ne kuma yana da dalili, amma wutar da aka cinna ta cinye dukiyar maƙwabta Kiristoci waɗanda ba su zana komai ba, ta kuma cinye littattafan da 'ya'yan Damagaram ke karantawa. Marubutan nan shida kuwa ba su taɓa lafiyar kowa ba, ba su hana a yi taron ba, amma sun tilasta wa duniyar adabi ta yi makonni tana muhawara a kan tambayar da ba ta so a yi mata. Sai dai wannan hanya tana bukatar a tabbatar da labari kafin a ɗauki mataki. A 2009 Margaret Atwood ta janye daga bikin adabi na Dubai bisa labarin cewa an haramta littafin wata marubuciya Baturiya, daga baya ta gano cewa labarin bai cika ba, ta fito ta faɗi haka, ta shiga taron ta bidiyo.

A Nijar manyan bukukuwan al'ada gwamnati ce ke shirya su tun asali. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, da bikin matasa na zamanin samariya a ƙarƙashin Seyni Kountché, da gasar kiɗa da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, duk daga aljihun hukuma suka fito, kuma sun raya wasan kwaikwayo da waƙa ƙwarai da gaske. Amma inda mai biki da mai kurkuku mutum ɗaya ne, ƙin amsa gayyata ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma tarihin Abdoulaye Mamani ya nuna farashin da marubuci kan biya. Mamani ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959, ya yi shekaru yana gudun hijira, akasari a Aljeriya, ya dawo gida bayan faɗuwar Diori Hamani a 1974, ba a jima ba gwamnatin soja ta tsare shi. A 1980 aka buga littafinsa Sarraounia a Paris da Faransanci, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ta wuce gaba ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a watan Mayun wannan shekara. Lokacin da Med Hondo ya tashi mayar da littafin fim, shirin ɗaukarsa a Nijar ya rushe, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓe shi, kuma fim ɗin ya lashe babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Ta haka labarin da ya fi shafar mutanen Lugu da Ƙonni ya sami dandali a wata ƙasa. Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, a hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai domin karɓar lambar adabi ta Boubou Hama.

Dokar Nijar kuma ta yi ta gaba da baya. A watan Yunin 2010 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salou Djibo ta soke hukuncin ɗauri a kan laifukan aikin jarida, a 2011 kuma Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a Sanarwar Table Mountain, wadda ke kira ga ƙasashen Afirka su soke dokokin da ke ɗaure mutum saboda ɓata suna ko zagin shugaba. Amma a zamaninsa ne aka kafa dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi amfani da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a 2020. Gwamnatin Mohamed Bazoum ta cire ɗauri a kan ɓata suna daga dokar a 2022, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta mayar da shi a watan Yunin 2024. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024, ita kuwa BBC Hausa ita ce mai gasar Hikayata, wadda tun 2016 take ba mata marubutan gajerun labarai damar a ji su a ko'ina ake jin Hausa. Wannan doka ta intanet ta shafi marubucin ƙagaggen labari kai tsaye, domin yanzu littafin Hausa ya bar shagon haya ya koma WhatsApp da Facebook da YouTube, inda ake sakin labari shafi-shafi ko a karanta shi da murya. Wannan sauyi ne ya sa rufe iyakar Illela da Ƙonni daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, bai yanke mai karatu daga marubuci ba kamar yadda zai yi a zamanin takarda, amma shi ne kuma ya sa kowane saƙo da aka tura yake barin sawu da lambar wayar mai shi.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan mataki yana ɗora wa hukumomi nauyin da ya wuce fassara takardun ofis, domin harshen da aka ɗaukaka a doka amma masu rubutu da shi suke tsoron abin da za su faɗa ba zai haifar da adabin da ya dace da matsayinsa ba. Yana kuma ɗora nauyi a kan marubuta da malaman makaranta da masu gidajen rediyo da attajiran Ƙonni da Malbaza da Galmi da Illela, waɗanda suke da halin ɗaukar nauyin taron karatu na kwana biyu a kowace shekara ba tare da jiran kasafin gwamnati ba, su gayyato marubutan Sakkwato da Maraɗi da Kano, su kuma rubuta tun daga ranar farko cewa ba za a cire sunan wani daga takardar gayyata saboda ra'ayinsa ba. Marubutan Kano sun iya ajiye alƙalami a 2008 ne domin suna da ƙungiyoyi da kasuwa da masu karatun da suka ji rashinsu. Aikin da ke gaban marubutan jihar Tawa shi ne su gina waɗannan abubuwa da hannunsu tun kafin ranar da za su bukace su.